Sitiyari da salula: taura biyu ba ta taunuwa

Duk wanda ya saba bin babbar hanya mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta ratsa Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi da Tasawa, ta kai Damagaram ta zarce Diffa, ya sha ganin kwarangwal ɗin motoci yashe a bakin kwalta. In muka tambayi dalilin hatsari sai a ce taya ce ta fashe, ko birki ya ƙi, ko kuma jaki ne ya shigo hanya. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne inda idon direba da hankalinsa suke a daidai wannan lokaci.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa ƴan shekara 5 zuwa 29. Idan aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace asarar rayuka, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci. Hukumar ta kuma bayyana cewa direban da ke amfani da salula yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga hatsari har kusan sau 4, kuma saka abin sauraro a kunne bai rage wani abin kirki ba, domin hankalin ne ke tafiya, ba hannu kaɗai ba.

Bari mu yi lissafin tare. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya daƙiƙa 5 don ya ga wanda ya kira shi, ko ya danna saƙon murya na WhatsApp, ya yi tafiyar mita 125 ke nan ido rufe, abin da ya zarce tsawon filin ƙwallon ƙafa. Ko ɗan kabu-kabu mai gudun kilomita 40 a cikin gari yana cin mita 11 a daƙiƙa guda. To, a hanyar da ta ratsa tsakiyar garuruwa irin su Galmi, Gidan Rumji, Cadawa da Agye, inda ranar kasuwa amalanke, tumaki, ƴan talla da ƴan makaranta ke gogayya da manyan motoci, me zai hana a taka wani cikin mita 125?

Mun san uzurin da direbobi ke bayarwa, kuma ba duka ne ƙarya ba. Tun da salula ta shigo ƙasarmu a farkon shekarun 2000 ta zama kayan aiki: mai mota na son ya san inda aka kai, mai saƙo na jira a tasha, fasinja na kiran ɗan kabu-kabunsa. Wanda bai ɗauka ba yana iya rasa ciniki. Sai dai Hausawa sun ce ba a haɗa gudu da susar baya. Ratsewa gefe a tsaya a amsa kira ba ya cin minti 2, kuma cinikin da aka rasa yau ana samun wani gobe.

A nan ne maganar koyon tuƙi ta shigo. Da yawa daga cikin direbobinmu sun taso ne a matsayin yaran mota. Yaro ya yi shekaru yana ɗaure kaya, yana sa wa taya waigi, yana wanke mota, har ranar da maigida zai miƙa masa makulli ya juya ta a tasha. Wannan tarbiyya tana da amfaninta, don irin waɗannan direbobi sun san ciwon inji tun daga ƙararsa. Amma iya hannu daban, sanin hanya daban. Maigida ba zai koyar da abin da shi ma ba a koya masa ba, kuma idan yana amsa waya bisa sitiyari, yaronsa ma haka zai tashi. Su kuwa masu babur, galibi ɗan'uwa ko aboki ne ke nuna musu giya da birki da yamma, washegari sai ga su cikin gari da fasinja.

A makarantar koyon tuƙi, wadda muka fi sani da oto-ekol, ake sanin ma'anar allunan hanya, da wanda ke da izinin wucewa a mararraba, da inda aka hana shan gaban mota. A nan ake sanin cewa direba lafiyayye ma yana ɗaukar kimanin daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta kai ga birki, kuma idan gudu ya ninka sau 2, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya tana ninkawa sau 4. Wanda ya fahimci wannan ba sai jandarma ya tsare shi zai aje salula ba. Shi ya sa aka raba permi aji-aji: A na babur, B na ƙananan motoci, C na manyan motocin kaya, D na motocin jigilar jama'a. Permin da aka samu ta bayan fage takarda ce kawai, tana iya wuce da mutum shingen bincike amma ba ta tsayar da mota.

Doka dai akwai ta. A shekarar 2014 aka sabunta dokar hanya ta Nijar, wadda ta hana riƙe salula ana tuƙi, kuma muna da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ɗauki alkawarin rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030. Amma tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne, ba za a iya aje jandarma a kowace kwana ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomi da su matsa wajen ganin ba a ba kowa permi ba sai ya ci jarrabawa da guminsa, a kuma yawaita koyar da dokokin hanya da Hausa, Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, tun da yawancin masu tuƙinmu ba su yi nisa a lakkol ba. Ƙungiyoyin direbobi da na ƴan kabu-kabu da adaidaita su riƙa shirya wa membobinsu horo a tasha. Masu motoci su daina kiran direba alhali sun san yana bisa hanya, ko kuwa a bar wayar hannun yaron mota. Iyaye kuma su yi tunani kafin su miƙa wa yaro makullin babur ba horo, ba hular kwano.

Mu ma fasinjoji muna da namu laifi. Sau nawa muke ganin direba na latsa salula mota na gudu, mu yi shiru don kunya ko don gudun a ce mun cika tsoro? Wanda ya biya kuɗin mota yana da ikon cewa: malam direba, don Allah aje wayar nan sai mun tsaya. Idan mutum guda ya faɗa, sauran su mara masa baya. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.