Shin Ko Kun San? Faifan da Kwamfuta Ta Ce Ba Ta Gani Ba

Shin ko kun san ba duk faifan ajiyar da kwamfuta ta ƙi gani ne ya mutu ba? Wannan rumbu na kwamfutar tebur, wanda masu gyara a Nijar ke kira "dis dur", da wayoyi biyu yake rayuwa: siririya mai haƙora 7 da ke kai bayanai, da mai faɗi mai haƙora 15 da ke ba shi wuta. Akwatin da ya sha girgiza a bayan babur daga Madawa zuwa Buza, don ɗaya daga cikinsu ta saki ba abin mamaki ba ne. A cire wuta, a buɗe, a danna su da kyau, kafin a fara yi wa faifai ta'aziyya.

Ko kun san wani ɗan batir mai faɗin tsabar dala guda yana iya tsayar da aikin ofis baki ɗaya? CR2032 sunansa, bolt 3 ne kacal, kuma shi ke riƙe wa BIOS, tsarin da ke tayar da kwamfuta, agogo da saiti idan an kashe na'ura. Ranar da ya ƙare, kwanan wata sai ya koma shekarun baya. Saitin faifai ma yakan sauya tsakanin AHCI da IDE, Windows ta ƙi tashi, ta nuna shuɗin allo. Faifai yana nan lafiya lau, sunansa kawai ya ɓaci.

Shin ko kun san sabon faifai ba ya bayyana da kansa? Gona ce da ba a ja mata kunya ba. A kwamfutocinmu masu Faransanci sai an shiga "Gestion des disques", a shirya shi, a raba shi, a ba shi harafi. Idan ya haura terabait 2 a zaɓi tsarin GPT, don tsohon tsarin MBR ba ya ganin abin da ya wuce nan. Amma fa in tsohon faifai ne mai ɗauke da rajistar 'yan makaranta ko lissafin buhunan albasa, kuma Windows ta ce a yi masa foma, kada a yarda. A nan mai garaje ke share aikin shekaru da hannunsa.

Wanda ya sayi mai terabait 1 ya ga gigabait 931, ya bar ɗan kasuwa ya huta. Kamfani da dubu yake ƙirge, Windows da 1024.

Ko kun san tsofaffin faifai masu faffaɗar waya mai haƙora 40 suna rigimar shugabanci? Biyu kan hau waya ɗaya, wata 'yar hular roba a bayansu ce ke nuna babba da ƙarami. In aka naɗa duka biyun babba, sai a rasa ɗaya, ko a rasa duka. Shigowar SATA, wato mai siririyar wayar nan mai haƙora 7, a 2003 ce ta kashe wannan gardama.

Shin ko kun san farantin da ke ciki yana juyi sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, allurar karatu na shawagi a kansa ba ta taɓa shi? Tazararsu ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Itatuwan bedi da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 sun rage wa gonaki iska, amma ba su hana ƙurar hunturu shiga shago a Keita ba. Don haka mai gyaran da ya kwance murfin faifai a kan benci, a ganina, ya ƙarasa shi ne. Idan ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, matsalar ta wuce waya da batir. A kashe shi nan take, kowace kunnawa ƙarin rauni ce.

Kakan waɗannan faifai kuwa, wanda IBM ta fitar a Amurka a 1956, faranti 50 gare shi, nauyinsa kusan tan guda. Abin da yake ɗauka bai kai megabait 5 ba, wato hoto ɗaya ko biyu na wayar da ke aljihunka.