Ƙwarnafin Tsofaffi: Lokacin da Tumbi ya Hau Ƙirji

A garuruwan Kibiya da Rano, kusan duk zafin da ya taso daga bakin ciki ana kiransa olsa, kuma dattijon da ƙwarnafi ya dame shi yakan shafe shekaru yana shan jiƙon kanwa ko omefirazol daga kemis ba tare da an binciki tushen ciwon ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke haddasa shi shi ne abin da likitoci ke kira hayatus haniya, wato wani ɓangaren tumbi ya kutsa ta ƙofar da hanyar abinci ke ratsawa a tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ya hau sama. Tantanin yakan saki da tsufa, shi ya sa cutar ta fi yawa bayan shekara 50, musamman ga masu ƙiba da masu daɗaɗɗen tari.

Kusan kashi 95 cikin 100 na masu ita suna da nau'in da ke zamewa sama ya dawo, wanda alamarsa ita ce ruwa mai tsami ya taso idan an sunkuya noma ko an kwanta bayan tuwon dare. Ɗaya nau'in, wanda tumbi ke hawa ta gefen hanyar abinci, ya fi haɗari, domin tumbin yana iya murɗewa jini ya daina isa gare shi, sai a ji ciwo mai tsanani da yunƙurin amai babu abin da ke fita, kuma wannan aikin tiyata ne na gaggawa.

Bincike yakan fara da awon zuciya, tunda ciwon zuciya a tsoho yana iya zuwa da siffar ƙwarnafi, sannan awon jini, saboda tumbin da ya maƙale yana iya yin ƙananan raunuka masu tsiyayar jini a ɓoye har dattijo ya ɗashe, iyalinsa su ɗauka tsufa ne. Hoton ƙirji yakan nuna iska da ruwa a bayan zuciya, hoton da ake ɗauka bayan an sha farin ruwan bariyom kuwa yana fito da girman matsalar. Mafi muhimmanci shi ne endoskofi, wato siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki, wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma shi ke nuna kumburi, ko tsukewa, ko sauyin fatar hanyar abinci da ake kira Baret, wanda kan iya zama kansa.

Bai kamata a jinkirta wannan tafiya zuwa Kano ba idan abinci ya fara tsayawa a ƙirji, ko an rame, ko bayan gida ya yi baƙi, musamman ga tsohon da ke shan diklofenak saboda ciwon gwiwa.