Nazari a kan Yaɗuwar Fentin Feshi a Ƙasar Kona

Tun da ƙofofin ƙarfe da tagogi da gadajen walda suka fara maye gurbin asabari da aikin katako a garuruwan yankin Tasawa da Mayahi, har da Kona da ƙauyukanta, sai sana'ar fenti ita ma ta sake kama, burushi ya ja baya, bindigar feshi ta shigo gaba. Asalinta ba na kusa ba ne, domin a Amurka wani likita mai suna DeVilbiss ya ƙera abin fesa magani a maƙogwaro a 1888, ɗansa Thomas kuma ya mayar da wannan hikima ga fenti a 1907.

Dalili na farko na yaɗuwar feshi shi ne sauri. Na biyu kuwa, wanda a ganina ya fi ƙarfi, shi ne idon mai saye: wanda ya taɓa ganin ƙyallin babur sabon fita daga kwali, ko gadon amarya da aka kawo daga Maraɗi, ba ya sake yarda da sawun burushi a jikin ƙofarsa. Ga kuma kusancin iyaka, wanda ya sa bindiga da injin iska suke isowa daga kasuwannin Kano da Katsina da farashin da ƙaramin shago zai iya.

Sai dai arha ta sa ana saye ba tare da ilimi ba. Bindigar da gwangwaninta ke ƙasa tana zuƙo fenti da ƙarfin iska mai yawa, har abin da ke sauka a kan ƙarfen ya kan kasa kai rabi, saura ya bi iska, wanda israfi ne bayyananne. Ita kuwa mai ƙaramin matsi, wadda galibi kofinta ke sama, tana isar da kamar kashi 65 cikin ɗari, da sharaɗin injin ya wadace ta da iska. Bakin bindigar ma yana da ƙa'ida: milimita 1.3 ko 1.4 don shafe na ƙarshe, 1.8 don shafe na farko mai kauri. Wanda ya jahilci wannan sai ya tsinka fenti da fetur don ya fita, ya yi ƙyalli mako guda, ya dushe. Yanayinmu ma yana da nasa hukunci, domin ƙurar hunturu tana mannewa a ɗanyen fenti, da damina kuma ruwa yana taruwa a tankin injin in ba a zubar da shi kullum ba. Kuma sana'ar ta rataya ga lantarki, kamar yadda aka gani a 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da ke shigowa ta layin Katsina zuwa Gazawa.

Mafsada mafi girma biyu ce. Ta farko, feshi yana rufe tsatsa rufewar da ido ba ya ganewa, saboda haka wanda ya fesa ba tare da gurzawa ba ya yi algus, ya ci amana. Ta biyun ita ce ta fi damuna: yaran shago ne ke riƙe bindigar, tsumma kawai a hanci, alhali tsumma ba ya tare tururin sinadari, kuma fentin mota mai haɗi biyu sananne ne wajen jawo asma. Madarar da ake ba su bayan aiki ba ta wanke huhu. Fuƙaha'u sun gabatar da kiyaye rai a kan kiyaye dukiya, don haka duk maigidan da ya iya sayen injin iska, wajibi ne ya saya wa yaronsa abin rufe hanci mai matatar gawayi, ya kuma sa a yi feshi a fili, nesa da masu abinci da ƙananan yara.