Injin yankan ciyawa mai batir: wa ya dace ya saye shi?

Idan aka sayar da albasa a kwarin Tarka, kuɗi suna shigowa hannun masu garka. Lokacin ne mutum ke sha'awar sabon kayan aiki. Cikin kayan da ake gani a waya da shagunan birni, akwai wani ɗan inji na yankan ciyawa. Ba ya shan mai. Batir gare shi.

Injin kamar doguwar sanda yake. A ƙasansa akwai zaren roba mai juyawa da sauri. Zaren ne ke tsinke ciyawa, ba wuƙa ba. Wani Ba'amurke, George Ballas, ya ƙago irinsa a 1971 don gyaran ciyawar ƙofar gida. A can ciyawa ado ce. A Madawa da Buza da Keita kuwa ciyawa abincin bisashe ce, kuɗi ce.

Nan ne mai saye zai tsaya ya yi tunani. Lauje yana yanke ƙyasuwa da tsawonta, a ɗaure dami, a ɗora bisa rumfa don tumaki su ci da rani. Gamba ma da lauje ake yankanta a saƙa zana. Inji kuwa dagargaza ciyawar yake yi, ya watsar. Makiyayi ba ya samun abin tarawa. Kuma ba ya tumɓuke saiwa. Kiri-kiri da aya-aya, in an aske musu kai, kwana kaɗan sun sake tohowa. Cikin fangalin albasa ba a shiga da shi sam, don zaren bai san ganyen albasa da haki ba. Wannan aikin na hannu ne da ƙaramin kalme.

To, ina amfaninsa? Bakin hanyar ruwa, gindin shinge, kewayen rijiya, da ƴar turbar da ake bi cikin garka, inda maciji ke ɓoyewa. A nan yana da sauri, kuma mutum ba ya duƙawa.

Wanda ke da irin wannan wuri, ya fara da nauyi. Ya ɗauki injin da batirinsa a jiki, ya kaɗa shi dama da hagu. Ƙananan sukan kai kilo 2 zuwa 3. Abin da ya yi nauyi a shago, a garka ya fi haka. Sai batir. Yawancinsu ana rubuta musu 18V ko 20V. Ƙaramin batir yakan yi kamar rabin awa, ya nemi caji. Saboda haka mutum ya san inda zai riƙa caji, ko da wutar gari, ko da farantin hasken rana mai na'urar da ta dace. Batir ba ya son zafi. Wanda ya bar shi a rana cikin watan Afrilu, shi ya rage masa kwana.

Tambaya mafi girma ga mai shago ita ce: in zare ya ƙare, ko batir ya mutu, ina ake samun wani? Lauje in ya dakushe, maƙerin gari yana nan.

Akwai hatsari biyu. Ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce. Zaren yana cilla tsakuwa, tana iya fasa ido. Sai da tabarau da rufaffen takalmi, yara kuma su yi nisa. Na biyu shi ne itatuwa. Mutanen kwarin Majiya sun sha wahalar shuka layukan dogon yaro tun 1975 don tare iska. A Keita ma an dasa itatuwa masu yawa tun da furojen Keita ya soma aiki a 1984. Zaren injin yana sāɓe ɓawon ƙaramin icce. In ya zagaye gindin, iccen ya bushe. Ciyawar da ke kusa da dashe, da hannu ake cire ta.