RIGAR CETO MAI KWALBAR ISKA: YADDA AKE ƊAUKARTA DA AJIYE TA

Mai gida, in kana zaune a bakin Gulbin Rima, ko a ƙasar Goronyo ko ta Wurno, ko kuwa wajen Rabah inda Gulbin Sakkwato ya ratsa, ka sani da damina sau da yawa ba ka da hanyar kasuwa ko gona sai ta fito. Ka kuma san abin da ruwa ya kan yi. Ran Lahadi, 17 ga Agusta 2025, wani kwale-kwale ɗauke da mutum fiye da 50 masu zuwa cin kasuwar Goronyo ya kife. A watan Afrilu 2022 mutum 29 suka halaka a ruwa a ƙasar Shagari, yawancinsu yara da matasa. Domin irin wannan ne Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa, watau NIWA, ta ce kada kowa ya shiga jirgi sai da rigar ceto, kada kuma a yi fito da dare.

To, rigar ceto iri biyu ce. Akwai mai soso a ciki, wadda kullum tana nan a kumbure, sa ta kawai za ka yi ka ɗaure. Akwai kuma wata siririya, kamar an rataya gyale a wuya, wadda ba ta kumbura sai an faɗa ruwa. Wannan ta biyu ita ce muke so mu yi maka bayani a kanta, gama ta fara shigowa hannun mutane, wasu daga kayan gwanjo, wasu tsaraba daga 'yan'uwa masu aiki a Ikko ko Fatakwal. Tana da amfani, amma tana da sharuɗɗa.

Me ke cikinta?

In ka buɗe gefen rigar za ka ga 'yar kwalbar ƙarfe, tsawonta bai fi tafin hannu ba. An ɗura mata wata iska da ƙarfi har iskar ta zama ruwa-ruwa. Irin iskar nan ce ke yin kumfa in ka buɗe kwalbar lemo, a jikin kwalbar za ka ga an rubuta CO2. Ta rigar babban mutum ta kan ɗauki giram 33. A bakin kwalbar akwai tsinke da waya mai tsalle, da wani ɗan abu mai narkewa wanda ya tare tsinken. Da an faɗa ruwa sai ɗan abin ya narke, tsinke ya huda kwalba, iska ta cika riga kafin ka ƙirga goma. In bai tashi da kansa ba, akwai igiyar da za ka fizga. In ita ma ta ƙi, akwai bututun da za ka hura da baki.

Wannan iska ba ta kama wuta. Haɗarinta matsi ne. Ko da sanyin safiya, matsin da ke cikin 'yar kwalbar nan ya fi na tayar mota sau ashirin. Zafi kuwa ƙara shi ya kan yi ƙwarai. In zafi ya kai awo 40, kamar yadda mu kan gani a nan ƙasar Sakkwato cikin Afrilu da Mayu, matsin ya kan ninka. Masu ƙera ta su kan rubuta kada a bar ta inda zafi ya wuce awo 50. Motar da aka rufe aka bari a rana ta kan wuce haka, haka kuma ƙarƙashin kwanon rufi da tsakar rana. In kuwa ta shiga wuta, fashewa za ta yi, ƙarfen ya tashi kamar harsashi.

Dokar ɗaukar kaya masu haɗari

Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa kaya masu haɗari gida 9, ta ba kowane iri lamba, don direba da ma'aikacin tasha da ɗan kwana-kwana su san abin da ke cikin kwali ba sai sun buɗe ba. Rigar ceto mai kumbura kanta tana gida na 9, lambarta UN 2990. Alamarta farar takarda mai kusurwa huɗu, da baƙaƙen zane a tsaye daga sama. Kwalbar ita kaɗai tana gida na 2, gidan iskar da aka matse. Koriyar alama tana nufin iskar ba ta cin wuta. Ja mai hoton harshen wuta tana nufin tana ci, kamar gas na girki. Ko ba ka iya karatun boko ba, ka riƙe waɗannan launuka, ka kuma koya wa yaranka.

Kada ka ce wannan zancen manyan kamfanoni ne. Ya shafe ka ta hanya uku.

Ta fari, saƙon mota. Mu mutane ne masu ba direba ƙunshi mu ce, “Kai wa wane a Sakkwato,” ba tare da faɗin abin da ke ciki ba. In akwai kwalbar iska a ƙunshin, lalle ka gaya masa. Yaron mota bai sani ba, zai iya cusa ta kusa da inji, ko ya ɗora mata buhunan albasa, ko ya ɗaure ta a kan rufi ta wuni a rana. Ka naɗe kowace kwalba dabam da tsumma ko kwali don kada su riƙa gugar juna, kada kuma ka haɗa su da ƙusa ko fartanya ko wani abu mai tsini. Rigar kuma a sa ta cikin leda a ɗaure, gama in ruwan sama ya jiƙa ta sosai za ta iya tashi a hanya, ka yi asarar kwalba.

Ta biyu, gidan waya. Dokar gidajen waya ta duniya ta hana aika iskar da aka matse zuwa wata ƙasa cikin wasiƙa ko ƙunshi. In ɗanka yana ƙasar waje ya ce zai aiko maka da riga, gaya masa ya cire kwalbar, ko ya bi ta kamfanin da ke da iznin ɗaukar irin wannan kaya.

Ta uku, jirgin sama. Ƙa'idar jiragen sama ta yarda fasinja ya tafi da riga har 2, kowace da kwalbarta a jiki, da kwalaben canji da ba su wuce 2 ba ga kowace riga. Amma sai ya nemi iznin kamfanin jirgin tun kafin ranar tafiya, a kuma shirya rigar yadda ba za ta tashi da kanta ba. Gwangwanin gas na girki kuwa, ƙarami ko babba, an hana shi sam, ko a jakar hannu ko a ta awo. Maniyyata masu tashi daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku su lura da wannan. Wata hajiya ta kan so ta tafi da ɗan murhunta don ta dama kunu a Makka. Nufinta mai kyau ne, amma a sama iska ba ta da nauyi kamar a ƙasa, gas ɗin da ya tsiyaya cikin jirgi kuwa ba tagar da za a buɗe masa.

Tun da mun taɓo gas na girki, tukunyarsa ma haka take a mota ko babur ko kwale-kwale: a tsaye, a ɗaure, a rufe kanta tam, nesa da jarkar fetur da mai shan taba.

Ajiya a gida

Rataye rigar a ɗaki mai inuwa, inda ba laima, nesa da madafa, inda kuma yaro ba zai kai ba. Yara su kan ja igiyar don wasa. Iskar da ke fitowa tana da sanyin da ke ƙona fata.

Kafin damina ta kama, warware rigar ka duba. In kwalbar ta yi tsatsa, ko bakinta ya huje, ta tashi aiki. Wadda ta tsiyaye a ɓoye ba a gane ta da ido, sai da awo. An buga nauyinta a jikinta. Kai ta wurin mai ƙaramin sikeli, irin na masu sayar da zinariya ko na ɗakin magani, in ta ragu da fiye da giram 2 a sake ta. Ɗan abin nan mai narkewa shi ma yana da kwanan watan lalacewa. Sa'an nan hura rigar da baki ka bar ta ta kwana. In da safe ka tarar ta saki, tana yoyo, kada ka amince mata. Rigar gwanjo da ba a yi wa wannan binciken ba, ɗauka ba ka da riga.

Kwalba sau ɗaya take aiki, ba a sake ɗura mata. Wadda ta huje, ƙarfe ce kawai. Amma wadda ba ta huje ba, kada a jefa ta juji inda ake cinna wuta, kada a sayar wa 'yan gwangwan, kada kuma ta je hannun maƙeri. Ɗaura ta a rigar ka ja igiya a fili, ta zube, sa'an nan ka yar.

Wace ce ta fi dacewa da gidanka?

A ganinmu, mai soso. Ba ta da kwalbar da za ka nema a birni, ba ta jiran tsinke ko igiya, kuma rana da ruwan sama ba su tayar da ita. Mai kwalba an yi ta ne domin manya waɗanda suka iya iyo, masu wuni a kan ruwa kamar masunta da masu fito, gama ba ta da nauyi, ba ta kuma hana aiki. A Amurka ba a yarda wanda bai kai shekara 16 ba ya dogara da ita. Yaro, da mai ciki, da tsoho, da duk wanda bai iya ruwa ba, a ba su mai soso daidai jikinsu. Rigar babba a jikin yaro zamewa ta kan yi ta kansa.

Ko wace iri ce, a sa ta a kan tufafi. Mai kwalba in ta kumbura a ƙarƙashin babbar riga ko hijabi za ta matse ƙirji ta hana numfashi. A ɗaure ta tun daga tudu, kafin a sa ƙafa cikin jirgi, a ja maɗaurin har ya zama dunƙulen hannu kaɗai ke shiga tsakaninsa da ciki. In ba ka gane yadda ake ɗaure taka ba, ko kana shakkar kwalbarta, tafi da ita wurin sarkin ruwa ko malamin asibitin garinku a duba tare, kafin ranar kasuwa.