Gaba Kura Baya Siyaki: Halin Da Mutanen Karkarar Jeju Suka Shiga A 1948

Idan ana ba da tarihin yaƙi sunayen kwamandoji ake ambata, a manta da manomin da aka gwabza a gonarsa. Mu dubi abin da ya sami manoman Jeju, wani tsibiri a kudancin Koriya.

Da mulkin mallakar Japan ya ƙare a 1945, sojojin Amurka ne suka karɓi ragamar kudancin Koriya. Ranar 1 ga Maris 1947 'yan sanda suka buɗe wa taron jama'a wuta a Jeju, suka kashe mutum 6, kame da azabtarwa suka biyo baya. Ranar 3 ga Afrilu 1948 mayaƙa kimanin 350 masu ra'ayin gurguzu suka afka wa ofisoshin 'yan sanda 12. Suna adawa da wannan zalunci, da kuma zaɓen da aka shirya a kudu kaɗai, wanda zai tabbatar da rabuwar ƙasar.

Mayaƙan suka fake a dutsen Halla da ke tsakiyar tsibirin. Da dare su sauko ƙauye neman abinci, wanda suka zarga da kai rahoto su kashe shi. Gari na wayewa jami'an tsaro su iso, wanda ya ba da abinci ya zama ɗan tawaye.

A watan Oktoba 1948, bayan kafuwar gwamnatin Koriya ta Kudu, sojoji suka yi shelar cewa duk wanda aka gani fiye da kilomita 5 daga bakin teku za a harbe shi. Aka ƙone mafi yawan ƙauyukan gindin dutse. Wasu suka gudu cikin kogo da 'ya'yansu a tsananin sanyi. Waɗanda suka bi umarni suka sauko ma ba duka suka tsira ba, domin gidan da aka rasa saurayi ɗaya a cikinsa akan kashe iyalansa a madadinsa. A ƙauyen Bukchon, cikin Janairu 1949, an kashe soja 2 a kwanton ɓauna, sai aka tara mutanen gari a filin makaranta, aka hallaka kimanin 300.

Waɗanda suka rayu sun yi kusan shekara 50 bakinsu a rufe, saboda mai yin maganar sai a kira shi ɗan gurguzu. Sai a 2003 rahoton gwamnati ya ƙiyasta mamatan da 25,000 zuwa 30,000, wato kusan mutum ɗaya cikin goma na tsibirin, mafi yawansu a hannun jami'an tsaro. A shekarar ce Shugaba Roh Moo-hyun ya nemi gafarar mutanen Jeju.

Izinar a nan ita ce, ranar da aka fara kama mutum da laifin wani, mai rauni ne ke fara biya. Allah Ya kare mu daga fitina.