Masara da Birai a Bakin Dajin Gashaka Gumti

Maganar girbin masara ce ta kai ni wani ƙauye a bakin gandun dajin Gashaka Gumti, a Jihar Taraba, gandun da ya fi kowanne girma a Najeriya. Mai gari ya yi mini maraba, ya haɗa ni da wani dattijo.

Kowace gona da rumfarta, kowace rumfa da yaro riƙe da majajjawa. Daga masara ta fara goyo har a karya ta, gwaggon biri ba ya barin gona ta huta. Kafin mai gadi ya kori na gabas, na yamma sun cika hammata sun haye dutse. A watannin nan yara da yawa ba sa leƙa aji.

"Ɗana, mu ke noma, su ke fara ci," in ji dattijon, ba tare da fushi ba.

Amma shi ɗin ne mai yi wa masu bincike jagora. Tun shekarar 2000 aka kafa aikin nazarin birai a dajin, kuma babban abin nemansu shi ne biri mai ganga, mai dukan saiwar manyan itatuwa har amon ya ratsa kurmi. Irin na nan sai Najeriya da Kamaru, kuma farauta da sarar daji sun rage shi ƙwarai. Ganinsa ke da wuya. Sai a wuni ana hawan tudu ba a ga ko inuwarsa ba, don haka gadon ganye da yake saƙawa a kan bishiya kowane dare ake ƙirgawa. Dattijon ya ce da ya dubi ganyen ya san kwanan gadon. Yana tsinto tsinkayen da birin ke zurawa a ramin kwarkwasa ko na zuma, baƙi su auna, su rubuta.

Binciken bai tsallake ɓarayin masara ba. An gano cewa garken gwaggon birin da ke cin amfanin gona ya fi na cikin kurmi saurin haihuwa, 'ya'yansa kuma sun fi rayuwa. Dattijon ya ce wannan kam rumbunsa ya riga ya gaya masa.

Ba ya son a kashe biri ko ɗaya. Abin da yake roƙo shi ne masu ilimin nan su nemo dabarar tsare gona, domin jikansa ya bar rumfa ya koma makaranta. Na ga roƙon nan ya cancanci irin kulawar da ake ba gadon ganye.